Me ya sa cuku yake da lokacinsa, daga kasuwar Badagishiri har kantunan Faransa?

Duk mai sayen cuku a kasuwar Badagishiri, ko a tashoshin mota na Ƙonni, Malbaza da Illela, ya san abu guda: akwai watannin da cuku ke cika faifai, fari tas kuma da sauƙin kuɗi, akwai kuma watannin da sai an yi cigiya kafin a same shi, ya ƙanƙance, ya yi tsada. Wasu na ɗora laifin a kan ƴan kasuwa. Amma asalin dalilin yana can daji, wajen ciyawa da ruwan sama. Ko a Faransa, ƙasar da ta yi suna da ɗaruruwan nau'o'in cuku, haka lamarin yake, har ma an sa shi cikin doka.

Nonon damina ake adanawa

Cuku dabara ce ta makiyaya. Madara ba ta kwana a zafin Sahel, kuma a lokacin da ta fi yawa garke yana nesa da gari, ba mai saye. Don haka matan Fulani da na Buzaye suke mayar da ita abin da zai yi watanni bai lalace ba. Ana tatso madara, tun da ɗuminta a zuba mata ɗan ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya ko ɗan rago mai shan nono, sai ta daskare. A kwashe a shimfiɗa kan ƴar tabarmar tsinke, ruwan ya tsiyaye, a naɗe gefuna, a shanya. Zanen da ake gani a jikin cuku sawun wannan tabarma ne. Falle ɗaya yakan ci madara fiye da lita guda, shi ya sa ƙarancin nono ke saurin bayyana a farashi.

Badagishiri tana kan hanyar da ta haɗa Ƙonni da Tawa, a yankin noma. Da damina ta sauka, garkunan shanu sukan haura arewa, wajen Abalak da Cintabaradan, don kada su shiga gonaki. Dokar shekarar 1961 ce ma ta shata iyaka tsakanin ƙasar noma da ta kiwo. Wasu makiyayan har Ingal suke kaiwa, inda ake taron lasar gishiri a watan Satumba. A can nono ke yawaita daga Yuli zuwa Satumba.

Sai dai damina tana da nata cikas: iska na da laima, cuku ba ya saurin bushewa, yana iya yin fumfuna. Lokacin da abubuwa biyu suke haɗuwa, wato nono da busasshiyar iska, shi ne kaka da farkon ɗari, daga Oktoba zuwa Disamba. A daidai lokacin ne kuma dabbobi ke gangarowa kudu su ci karan gero da harawa bayan girbi. Daga Maris zuwa Yuni ciyawa ta ƙare, saniya ta rame, ɗan abin da aka tatsa maraƙi da yaran gida ne suka fi cancanta da shi. Yawancin cukun da ake gani a wannan lokaci ajiyayye ne.

Yadda Faransawa suka sa kalanda a doka

A shagunan sayar da cuku na Faransa, mai shago ba ya jin kunyar ce wa mai saye ya dawo wata kaza, domin wasu nau'o'in ba a yarda a yi su ko a sayar da su ba sai a lokacinsu.

Babban misali shi ne Mont d'Or, cuku mai laushi da ake yi a tsaunukan Jura, kusa da iyakar Suwizalan, ana sayar da shi cikin ƙaramin akwatin katako. Ƙa'ida ta ce a yi shi daga 15 ga Agusta zuwa 15 ga Maris, a sayar daga 10 ga Satumba zuwa 10 ga Mayu. Asalinsa daga ƙarancin nono ne: in sanyi ya shigo shanu sun koma garke, madarar ba ta isa a yi babban cukun yankin mai suna Comté, wanda ƙwaya ɗaya tasa ke kai kilo 40 kuma take cin madara wajen lita 400. Sai manoma suka koma yin ƙarami. Abin da aka fara don dole, yau shi mutane ke ɗokin fitowarsa kowace shekara.

Salers, daga tsaunukan tsakiyar ƙasar, akasin haka ne. Ana yin sa daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Nuwamba kawai, kuma sai shanu suna kiwo a fili suna cin ɗanyar ciyawa. Shi kuwa Roquefort, wanda doka ta kare sunansa tun 1925, da nonon tumaki ake yin sa, a ajiye a kogunan dutse, kuma ba ya fita kasuwa sai ya yi aƙalla wata uku. Tumakin ba sa ba da nono duk shekara, ajiyar ce ke sa a same shi kullum.

Wanda ba ya da lokaci shi ne irin na kwali, kamar La vache qui rit da ake samu a kantunan Tawa da Ƙonni rani da damina. Wannan narkakken cuku ne na masana'anta, an haɗa shi don ya jure tafiya, ɗanɗanonsa ɗaya ne ko yaushe.

Abin da ke cikin wannan ga jihar Tawa

Faransawa ba su ɗauki ƙarewar cuku a wasu watanni a matsayin aibi ba, sun mayar da ita shaidar inganci, mai saye yana biya da farin ciki. A Nijar ma an kama hanyar kare suna. Ƙungiyar OAPI, mai rajistar haƙƙin mallaka a ƙasashen Afirka, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar asalin wuri, cukun Nijar kuma ya samu tambarin haɗin gwiwa. Galmi tana nan gundumar Malbaza, don haka mutanen yankin sun san abin da suna ke jawo wa kaya.

Amma tambari kaɗai ba ya cika aljihu. Matar da ta yi cuku takan sayar da shi ne lokacin da kowa ke da shi, da araha, saboda tana buƙatar hatsi. Ribar bazara takan tafi ga wanda ya iya ajiya. Wurin shanya mai tsabta da ƙura da ƙuda ba sa shiga, da ɗakin ajiya marar laima na ƙungiyoyin mata, su ne za su ba ta damar riƙe wani kaso har farashi ya tashi. Haka kuma kare burtali da makiyaya, domin in ba ciyawa ba nono.

Ga mai saye a gari, lissafin mai sauƙi ne. Kaka ce lokacin sayen na ajiya. A zaɓi wanda ya bushe sosai, marar ɗigon baƙi ko kore, marar warin tsami. Kada a ƙulle shi cikin leda, a sa a kwando ko tsumma mai tsabta inda iska ke ratsawa. Sabo ya fi daɗi da shayi, wanda ya kwana biyu ya taurare kuwa a daka shi cikin fura. Wanda ya yi tanadi a Nuwamba ba zai yi ciniki da tsadar watan Mayu ba.