Tuƙin jiragen ruwa masu ƙyalle a Faransa: wasan sarakuna ya faɗo hannun ƴan lakwal

A cikin watan Fabrairu na shekara ta 2025, wata budurwa mai shekara 23 da haihuwa, Violette Dorange, ta shigo tashar jiragen ruwa ta garin Les Sables-d'Olonne, a yammacin ƙasar Faransa, bayan da ta kewaye duniya ita kaɗai cikin kwana 90. Ba ta yada zango ko'ina ba, kuma ba abin da ya tura jirginta sai iska. Dubban jama'a suka yi dafifi a bakin ruwa domin tarbonta. Wannan yarinya ita ce a 2016, tana da shekara 15, ta ƙetare tekun da ya raba Ingila da Faransa cikin wani ɗan kwale-kwale wanda tsawonsa bai wuce metir 2,30 ba. Tsakanin wancan ɗan akwati da babban jirginta mai metir 18 akwai hanya mai tsawo, wadda dubban Faransawa suke bi ko wace shekara domin nishaɗi kawai, ko da yake wani lokaci nishaɗin yakan ci rai.

Asalin wasan

Tun zamanin da, ɗan Adam yana ɗaura ƙyalle bisa dogon itace a tsakiyar jirgi domin iska ta tura shi, amma fatauci ko kamun kifi ko yaƙi ke sa shi. Mutanen Holand ne suka shahara wajen maida wannan aiki abin shaƙatawa. A 1660 suka ba sarkin Ingila Charles na biyu kyautar wani jirgi mai suna Mary, kuma a shekarar da ta biyo sarkin ya yi tsere da ƙanensa bisa kogin Tamise, suka sa fam 100 a tsakani. Daga nan har kusan shekara 300, wasan bai fita daga hannun sarakuna da manyan attajirai ba, saboda jirgi guda yana cin dukiya mai yawa, ga kuma albashin barori masu jan igiya. Mai jirgi yakan zauna cikin fararen tufafi, talakawa suna yi masa gumi.

Lakwal bisa tsibiri

A Faransa, bayan yaƙin duniya na biyu ne al'amarin ya sake. Philippe Viannay da matarsa Hélène suna cikin waɗanda suka yi ma sojan Jamus turjiya a ɓoye, inda suka riƙa buga jaridar sirri mai suna Défense de la France. Da yaƙi ya ƙare, sai suka ga samarin da suka yi gwagwarmaya tare, da waɗanda suka komo daga sansanonin Jamus, sun fito da raunin zuciya, ba su san yadda za su sake zama cikin jama'a ba. A 1947 suka kwashe su zuwa tsibiran Glénan, kusa da kilometir 20 daga garin Concarneau na jihar Bretagne, suka kakkafa tantuna bisa rairayi. Da farko hutu kawai aka je yi. To amma wanda ke zaune bisa tsibiri tilas ya nemi jirgi, ko domin ɗauko ruwan sha da abinci. Ta haka matasan suka fara koyon tuƙi daga masuntan wurin, har sansanin hutu ya zama lakwal.

Ƙa'idar wannan lakwal, da ake kira Les Glénans, ba ta canza ba: wanda ya koya bana, baɗi ya komo ya koya ma wasu, mafi yawa ba da albashi ba. Kowa na wanke kwano, kowa na dafa abinci, kowa na jan igiya, mace da namiji, ɗan likita da ɗan lebura. Yau lakwal ɗin tana karɓar ɗalibai sama da 10.000 ko wace shekara, kuma tana da rassa a Paimpol, da tsibirin Arz, da Marseillan, da Bonifacio a tsibirin Corse. Littafin koyon tuƙin da ta wallafa tun farkon shekarun 1960 ya zama abokin tafiyar matuƙan Faransa.

Sauran matsala ɗaya, ita ce ta kuɗɗi. A 1951 wani mai zanen jiragen ruwa, Jean-Jacques Herbulot, ya zana ma lakwal ɗin wani ƙaramin jirgi na falankin katako marar kauri, mai tsawon metir 4, wanda farashinsa bai wuce na keke biyu ba. Aka sa masa suna Vaurien, wato ɗan banza, sunan karen Viannay. Da wannan ɗan banza ne ma'aikata da ɗalibai suka samu hanyar shiga teku. Daga baya, cikin shekarun 1960, masana'antu kamar Bénéteau da Jeanneau na jihar Vendée suka shiga zuba jirage da roba mai ƙarfi, ɗari bisa ɗari, farashi ya ƙara sauka.

Yadda yaro ke farawa

Mafi yawan matuƙa suna farawa ne da Optimist, ɗan jirgin da wani Ba'amurke, Clark Mills, ya ƙera a Florida a 1947. Kamarsa ɗaya da akwati, nauyinsa kilo 35, ƙyallensa guda, kuma an yi shi ne domin yara har zuwa shekara 15. A garuruwan bakin teku na Faransa, lakwal da yawa sukan kai ƴan firamare su yi mako ɗaya ko biyu suna koyonsa. Yaro ɗan shekara takwas ake sakawa ciki shi kaɗai, da rigar ceto a jikinsa, hannu ɗaya bisa sandar juya jirgi, wadda ita ce akalarsa, hannu ɗaya riƙe da igiyar ƙyalle. Malami yana biye da su cikin jirgi mai injin.

Darasin da ake fara ba shi shi ne kifewa. Da gangan ake sa yaro ya kifar da jirginsa, ya faɗa ruwa mai sanyi, ya kama allon da ke ƙarƙashin jirgin ya danna shi har jirgin ya miƙe, sa'annan ya hau ya kwashe ruwa. Wanda ya yi haka sau uku ya daina tsoro.

Darasi na biyu shi ne wanda ke ba baƙo mamaki: jirgin yana iya tafiya wajen da iska ke fitowa. In iska tana bayansa, tura shi take yi, wannan kowa ya gane. In kuwa tana gaba, sai matuƙi ya ja ƙyallen ya matso kusa da tsakiyar jirgi, ya yi lanƙwasa kamar fiffiken tsuntsu. Iskar da ke bi ta bayan lanƙwasar tana jan ƙyallen zuwa gaba da gefe. Allon da ke nitse cikin ruwa yana hana jirgin zamewa gefe, saboda haka ƙarfin da ya rage sai ya tura shi gaba. Ba jirgin da ke fuskantar iska kai tsaye. Yakan kauce mata da kimanin digiri 45, ya tafi dama, ya juyo hagu, ya sake komawa dama, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu. Tafiyar takan yi tsawo, amma ana isa.

Babban jirgi, babban nauyi

Daga Optimist matashi yakan hau jirgi irin Laser, mai metir 4 da ƴan kai, wanda aka ƙera sama da 200.000 nasa a duniya, kuma aka shigar da shi wasannin Olampik a 1996. Bayan wannan sai jiragen kwana, masu metir 8 zuwa 15, da ɗaki da gadaje da murhu da makewayi. Su ba sa kifewa da sauƙi, domin an rataya musu ƙarfe ko dalma mai nauyi a ƙarƙashi, wanda ke maido da su tsaye duk lokacin da iska ta kwantar da su. Iyali sukan yi haya na mako guda, abokai sukan haɗa kuɗɗi su sayi tsoho su gyara. Saye kuwa shi ne mai sauƙi: wurin ɗaure jirgi a tasha, da inshora, da fenti, da sabon ƙyalle, ko wace shekara sai sun ci nasu, kuma a wasu tashoshi mutum yakan jira shekaru kamin ya samu wuri.

A dokar Faransa, mai tuƙa jirgin ƙyalle cikin teku ba ya bukatar takardar izinin tuƙi, alhali mai jirgin injin da ya wuce ƙarfin doki 6 tilas ya ci jarrabawa. Wannan ƴanci nauyi ne bisa wuyan matuƙi. Shi zai saurari labarin yanayi, inda ake auna ƙarfin iska daga 0 zuwa 12 bisa ma'aunin Beaufort. Shi zai karanta taswira ya san inda duwatsu suke ɓoye. Shi zai lissafa cikar teku da janyewarta, wadda ke faruwa sau biyu a yini saboda jan da wata ke yi ma ruwa. A Saint-Malo, bambancin yakan kai metir 12: wurin da jirgi ya wuce da hantsi, da azahar busasshen dutse ne.

Mutumin da ya sa Faransawa suka dubi teku

In ana batun yaɗuwar wannan wasa, ba a tsallake sunan Éric Tabarly. Hafsan sojan ruwa ne, haifaffen Nantes a 1931. A 1964 ya shiga tseren ƙetare tekun Atlantika na mutum guda, daga Plymouth ta Ingila zuwa Newport ta Amurka, ya isa cikin kwana 27 bisa jirginsa Pen Duick II, ya bar Ingilishi a baya cikin wasan da suke ganin gadonsu ne. Janar de Gaulle ya ba shi lambar girma, samari suka yi ta tururuwa zuwa lakwal-lakwal na tuƙi. A 1976 ya sake cin wannan tsere. Daga cikin waɗanda ya horas bisa jiragensa har da Titouan Lamazou, wanda ya ci tseren Vendée Globe na farko a 1990 cikin kwana 109. A 2025 Charlie Dalin ya yi wannan kewaye cikin kwana 64.

Teku ba ta san gwani ba

A ranar 11 ga watan Agusta na 1979, jirage 303 suka tashi daga Cowes ta Ingila domin tseren Fastnet, mai tsawon kimanin kilometir 1.100. Yawancin mutanen da ke ciki ba sana'arsu ba ce: akawuna ne da malamai da ƴan kasuwa masu hutu. Daren 13 zuwa 14 ga wata, guguwar da ta fi ƙarfin abin da aka yi tsammani ta same su a tsakiyar ruwa, tsakanin Ingila da Irland. Ƴan tsere 15 suka rasa rayukansu, jiragen da suka kai ƙarshe ba su cika 90 ba. Abin da ya fi ciwo shi ne wasu sun mutu ne bayan sun bar jiragensu sun shiga kwale-kwalen roba na ceto, daga baya aka tarda jiragen suna yawo bisa ruwa, ba su nitse ba. Tun daga nan aka tsaurara dokokin ƙirar jirage da kayan tsaro, kuma ake koya ma ko wane ɗalibi kada ya bar jirginsa sai ya tabbata nitsewa yake.

Shi kansa Tabarly bai tsira ba. Daren 12 zuwa 13 ga watan Yuni na 1998, yana kan hanyar Ekos bisa Pen Duick na farko, tsohon jirgin da aka ƙera a 1898 wanda ya karɓa daga hannun mahaifinsa. Suna cikin rage ƙyalle saboda iska ta ƙaru, sai itacen saman ƙyallen ya buge shi a ƙirji ya jefa shi ruwa. Bai ɗaure kansa da igiyar tsaro ba, ba rigar ceto a jikinsa. Sai bayan mako biyar wani jirgin masunta ya tsamo gawarsa. Yana da shekara 66, ya yi sama da shekara 50 yana tuƙi.

Masu fita neman wanda ya ɓace su ma suna sa ransu. Ƙungiyar ceto ta SNSM, da aka kafa a 1967, ƴan sa-kai ne ke riƙe da ita: masunta, da makanikai, da tsofaffin ma'aikata. Ceton rai kyauta ne, janyo jirgi ne ake biya. A ranar 7 ga watan Yuni na 2019, mutum uku daga cikinsu suka mutu a bakin Les Sables-d'Olonne, lokacin da igiyar ruwa ta kifar da jirginsu suna neman wani masunci. Saboda haka ne tsofaffin matuƙa ke ganin mai fita cikin mugun yanayi domin burga a matsayin mai wasa da ran wasu.

Duk da haka, ko wane rani tsibiran Glénan suna cika da tantuna. Iyaye suna kawo ƴaƴansu domin abin da yaro ke samu cikin ɗan akwatin nan ya wuce iya tuƙi: yana koyon duban sama kamin ya yi shiri, yana koyon ɗaukar laifin kansa tun da ba wanda zai ɗora ma, yana kuma koyon haƙura da tafiya ranar da iska ta fi ƙarfinsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A Les Glénans, malami ba ya barin ɗalibi ya kwance jirgi daga tasha sai ya duba rigar cetonsa, ya kuma tambaye shi daga ina iska ke busowa.