Illar Ruwan Masana'antar Takarda ga Kifi

Gurɓataccen ruwan masana'antar takarda yana ɗauke da sinadaran itace, irin su beta-sitosterol, waɗanda ke fita yayin dafa itace. Ƙirarsu ta yi kama da sinadaran haihuwa na jikin kifi, shi ya sa suke rikita girmansa da hayayyafarsa.

A Jackfish Bay da ke Tafkin Superior a Kanada, kifaye sun yi jinkirin balaga, gaɓoɓin haihuwarsu sun ƙanƙance. A kogin Fenholloway na jihar Florida a Amurka, matan wani ƙaramin kifi sun fitar da fiffike irin na maza. Tun 1992 dokar Kanada ta wajabta wa masana'antun bibiyar lafiyar kifi.

A Najeriya, masana'antar takarda ta Jebba tana bakin Kogin Neja, inda masunta ke neman abinci.