Karatun Sana'a a Jami'ar Gwamnati: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Iyaye da dama suna tambayarmu ko yaron da ya gama sakandare kafin a yi gudun hijira zai iya ci gaba da karatu a nan Nijar. Zai iya. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce cibiyar koyon fasaha ta jami'a, wadda ake kira IUT.

Akwai irinta a jami'ar gwamnati ta Maraɗi, inda ake koyar da aikin gine-gine, lantarki da injuna. Ɗalibi yana zama a aji, yana taɓa kayan aiki da hannunsa, sannan a tura shi kamfani ya ƙware. Bayan shekara 2 yana samun takardar DUT, wadda zai iya neman aiki da ita.

Abu biyu ke yawan tare hanya. Na farko, da Faransanci ake koyarwa, don haka wanda ya yi karatu da Turanci ya fara koyonsa tun yanzu. Na biyu, takardu. Sai hukuma ta tantance sakamakon WAEC ko NECO kafin ya tsaya a madadin BAC. Wanda takardunsa suka ƙone ko suka ɓace a hanya, ya sanar da mu da wuri, domin neman wasu yana ɗaukar lokaci.

Game da kuɗi, akwai tallafin DAFI na HCR, wanda gwamnatin Jamus ta fara a 1992. Yana taimakawa da kuɗin makaranta, littattafai, abinci da masauki. Guraben kaɗan ne, kuma 'yan mata na da haƙƙin nema kamar maza. Neman tallafin kyauta ne. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi, ku kawo mana rahoto.