Kwamfutar aiki ko ta wasa: wace ya kamata a saya wa ɗalibi?



Duk shekara in sakamakon BAC ya fito, akwai tambayar da ke yawan zo mana. Yaro ya samu shiga jami'a, ya kira yayansa da ke wajen bida ya ce yana bukatar kwamfutar hannu, wadda mutanenmu ke ce ma ordinatar. Yaya ya shiga kasuwa, mai shago ya aje mishi guda biyu. Guda siririya ce marar nauyi. Gudar kuma ƙatuwa ce mai fitilu kala-kala, an ce mishi ita ce ta wasanni, ita ce mai ƙarfi, kuɗɗinta kuma na iya sayen irin ta farkon biyu ko uku. Yaya yana son ya fidda ƙanensa kunya, ga kuma gida ana jiran kuɗɗin hatsi. To wace zai ɗauka?

Amsarmu a taƙaice ita ce: a duba aikin da yaron zai yi da ita, a duba wutar gidan da za ta zauna, sannan a duba aljihu. Ga mafi yawan ɗiyanmu, kwamfutar aiki mai lafiya ta wadatar. Bari mu yi bayani dalla-dalla.

Mi ya bambanta su?

Kowace kwamfuta tana da abubuwa uku da mai saye ya kamata ya sani. Na farko furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, za ku ga an rubuta Intel Core i3, i5, i7 ko AMD Ryzen. Na biyu RAM, kamar tabarmar da kake shimfiɗa kayan aiki ce, in tana da faɗi sai ka baje abubuwa da yawa lokaci guda. Na uku ma'aji, wato rumbun da takardu da hotuna ke kwana, kuma irin wanda ake kira SSD ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba.

Kwamfutar wasa tana da abu na huɗu: katin hoto na musamman, galibi na kamfanin Nvidia, shi ya sa za ku ga an manna GeForce RTX a jikinta. Aikin katin nan shi ne zana hotuna masu motsi da sauri. Shi ke sa ta tsada, shi ke sa ta zafi, shi ke sa ta shan wuta. In ɗalibi rubutu yake da Word, ko lissafi da Excel, ko karanta darasi, ko kallon bidiyo, katin nan zaune yake ba ya aikin komi. Kamar mutum ne ya sayi babbar motar ɗaukar siminti ta Malbaza don ya riƙa kai buhun gero guda kasuwa.

Sunayen da za ku ji a ɓangaren wasa su ne HP Victus da Omen, Lenovo Legion, Asus TUF da ROG, Acer Nitro. A ɓangaren aiki kuwa akwai HP ProBook da EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad.

Maganar wuta

Nan ne ya kamata mutumen karkara ya tsaya ya yi lissafi. Cajar kwamfutar aiki yawanci wat 45 ce zuwa 65, kuma lokacin rubutu injin ba ya wuce shan wat 30. Cajar ta wasa kuwa tana kaiwa wat 150 zuwa sama da 200.

Mu ɗauki gidan da ke da faranti na hasken rana da batir mai bolt 12, amfiya 100. Batirin nan yana riƙe da kimanin wat 1200 na awa guda, amma in irin na dalma ne ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600 ke nan. Kwamfutar aiki mai shan wat 30 za ta yi kusan awa 20 da shi. Ta wasa in tana cikin wasa tana shan wat 150, awa 4 ta shanye shi. Kuma ku tuna batirin nan shi ke kunna fitilar gida, shi ke cajin salular kowa.

Masu wutar NIGELEC ma sun san halin da ake shiga, musamman lokacin zafi. Kowa na tune da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take aiko wa Nijar, wadda a sa'annan ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi. Muna da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da anka buɗe a 2018, amma ɗaukewar wuta ba ta zama labari ba tukuna. In wuta ta tafi, kwamfutar aiki mai batir lafiyayye tana iya yin awa 5 ko fiye. Ta wasa in ana wasa da ita, awa guda zuwa biyu ta mutu, kuma da zarar an cire ta daga wuta ita da kanta take rage ƙarfinta. Ka biya kuɗɗin ƙarfi, ƙarfin kuma sai da wuta.

Zafi, ƙura da nauyi

A ƙasar Adar, watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Lokacin hunturu kuma ga ƙura. Kwamfutar wasa yawanci fanka biyu gare ta, suna zuƙo iska da ƙarfi don su sanyaya katin hoto, iskar kuma da ƙurarta take shiga. In ƙura ta toshe hanyar iska sai injin ya yi zafi, ya rage gudu, wani lokaci ya kashe kansa. In katin hoton ya ƙone, manne yake da babban allon injin, gyaransa sai ƙwararre a babban birni, kuma kuɗɗin gyaran na iya kai na wata kwamfutar. Su kuwa irin EliteBook da Latitude da ThinkPad, da yake sun yi yawa a hannun jama'a, batirinsu da cajarsu da gilashinsu sun fi sauƙin samu.

Akwai nauyi kuma. Ta aiki tana kai kilo guda da rabi. Ta wasa ta haura kilo biyu, ga ƙatuwar caja. Ɗalibin da ke hawa kabu-kabu kullum zuwa aji, bayansa zai ba shi labari.

Sai intanet. Manyan wasannin zamani, kamar Call of Duty, wasu suna haura giga 100 kafin a sauke su. Duk wanda ke sayen giga a Airtel, Moov ko Zamani ya san mi wannan ke nufi.

Wa ke bukatar mai ƙarfin?

Ba mu ce kwamfutar wasa ba ta da amfani ba. Akwai masu bukatarta da gaske, kuma ba don wasa ba. Ɗalibin da ke karatun gine-gine ko injiniya, kamar na makarantar EMIG ta Yamai, in ya kai matakin zana gini mai fuska uku da manhajoji irin su Revit, katin hoto zai taimake shi. Haka matashin da sana'arsa ita ce ɗaukar bidiyon biki da suna yana haɗawa yana sayarwa, ko wanda ke koyon aikin talabijin. Ga irin waɗannan, injin kayan sana'a ne, zai maido kuɗɗinsa.

Amma wanda zai karanta shari'a, tattalin arziki ko aikin koyarwa a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko ya tafi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya karanta tarihi ko harsuna, aikinsa karatu ne da rubutu har zuwa ranar da zai rubuta kundinsa na kammala karatu. Haka malamin makaranta, da ma'aikacin gidan magajin gari, da sakataren ƙungiyar manoman albasa, da ɗan kasuwar da ke son riƙe lissafin shagonsa. Ko mu nan gidan rediyo, yankan murya da haɗa shiri ba ya neman katin hoto.

Shi ya sa muke roƙon iyaye da yayye, kafin a aiko kuɗɗi a tambayi yaro: wace manhaja ce malamanku sunka ce za ku yi aiki da ita? In ya faɗi sunanta, sai a duba abin da take bukata. In ya yi shiru yana dariya, to ƙwallo yake son bugawa. Ba laifi ba ne matashi ya so wasa, amma a san abin da ake biya.

Kada araha ta ruɗe ku

Akwai rami a ɗaya gefen ma. Wasu sabbin kwamfutoci masu araha ƙwarai suna zuwa da furosesa Celeron, RAM giga 4 da ma'aji giga 64, kuma sau da yawa ba a iya ƙara musu komi. Wata shida ba a yi ba ma'ajin ya cika, injin ya koma tafiyar hawainiya. Araha ba ta ado. Sau da yawa tsohuwar kwamfutar ofis mai lafiya ta fi irin wannan sabuwar.

Abin da muke ba da shawara a nema shi ne: Core i5 ko Ryzen 5, RAM giga 8 ko fiye, SSD giga 256 ko fiye.

A kula da shekarun furosesa, don nan ne ake yawan cutar mutane. Mai shago zai ce maka “i7 ce”, alhali tsohuwa ce tukuf. Ku dubi lambar da ke bin sunan. In an rubuta i7-4600U, lambar 4 tana nufin zubi na huɗu, na shekarar 2013. In an rubuta i5-8250U, zubi na takwas ne, na 2017, kuma ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi. Wannan yana da muhimmanci saboda kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba ba Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel take farawa.

Ga ƴan uwa da ke saye daga waje

Ɗiyanmu da Faransanci suke rubutu. Allon rubutu na Faransanci layinsa na haruffa na sama yana farawa da AZERTY, na Ingilishi kuma da QWERTY. Wanda ya saya a Abijan galibi zai samu na Faransanci. Wanda ya saya a kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko a Kano, ko kayan Dubai, galibi na Ingilishi ne. Ana iya canza tsarin a cikin Windows a manna haruffa bisa maɓallan, amma gara a sani tun kafin a biya.

Haka kan caja. Na Najeriya ƙafa uku ne masu kusurwa, namu kuwa ƙafa biyu ne masu zagaye, sai a haɗo da abin sauyawa. A tabbatar cajar ta asali ce, don caja ta jabu tana kashe batir.

In ta hannu ce, kada a karɓa a rufe. A kunna ta, a cire ta daga wuta a ga yadda batir ke sauka cikin rabin awa. A danna kowane maɓalli. A gwada kamara, lasifika, wurin sa kebul da kamun intanet. A tabbatar babu lambar sirrin wani kamfani ko makaranta da ta kulle ta. A karɓi takardar saye mai lambar injin, saboda kayan sata na yawo, kuma takardar za ta yi amfani a hanya.

Wani lokaci ma ya fi sauƙi a aiko kuɗɗin ta Nita ko Amana a saya a Ƙonni, Tawa ko Yamai, wurin wanda in ta samu matsala za a iya komawa gare shi.

Sauran kuɗɗin fa?

In an ɗauki ta aiki, abin da ya rage kada a ce ya zama riba a watse. A saya wa yaro jaka mai kyau da za ta tsare injin daga ƙura da faɗuwa, da abin kare shi daga hawa da saukar wuta, da ɗan ma'aji na waje inda zai riƙa aje kwafin aikinsa, don mun sha jin ɗalibin da kundinsa ya tafi tare da injin da ya lalace. A ware mishi na intanet na wasu watanni. In da hali a ƙara wa gida faranti ko batir, kowa ya amfana. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wanda ke da tambaya, ko yana riƙe da injin da bai gane lambobinsa ba, ya rubuto su yadda suke a jiki ya aiko mana, za mu karanta mu yi bayani a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu. Masu bida, Allah ya ba da sa'a, ya maido ku gida lafiya. Ɗalibai kuma Allah ya sa albarka a karatu.