Horo a bakin aiki: wa zai koyar da masu awon jini na asibitocin kan iyaka?

Duk ɗan kasuwar da zazzaɓi ya taɓa kayarwa a Ƙonni, Ɗan Isa ko Magarya ya san cewa kafin ya ga likita, in ma zai gan shi, sai ya bi ta hannun wasu: mai awon jini, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai ba da magani. Su ne ke riƙe da asibitocinmu, amma ba kasafai ake zancen karatunsu ba.

In an tashi ƙara musu ilimi, yawanci sai a kira su Yamai ko Damagaram, inda makarantun kiwon lafiya na gwamnati suke. To, ɗakin awon da mutum ɗaya ke riƙe da shi, wa zai buɗe? Mun sha tarar da kwaɗo a ƙofa ranar kasuwa, majinyaci ya hau kabu-kabu ya tsallaka iyaka neman awo, ko ya sayi ƙwaya a faranti ya haɗiye da ƙaddara.

Shi ya sa masana ke cewa a kai horon inda aikin yake. Ku 'yan kasuwa ba baƙon abu ba ne gare ku. Yaron shago a gaban ubangidansa yake koyon awo da canjin naira da sefa, ba a rufe shago don yana koyo.

Nijar ta ɗanɗana wannan hanya. Daga 2001, cikin shiri na musamman na Shugaba Tandja Mamadou, an gina ƙananan gidajen likita kusan 2,000 a karkara, aka zuba musu ma'aikata masu horon 'yan watanni, daga baya aka ƙara koya musu maganin zazzaɓin cizon sauro, gudawa da ciwon haƙarƙari na yara. Mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ba su kaɗai suka kawo haka ba, akwai gidan sauro da maganin yara kyauta da aka soma a 2006, amma ba domin su ba da maganin bai isa ƙauye ba.

Maƙwabta ma sun motsa. Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙasashe 57 masu tsananin ƙarancin ma'aikata a 2006, 36 daga ciki a Afirka, Gana ta yi doka a 2013 da ta kafa majalisar da ke ba irin waɗannan ma'aikata lasisi. Najeriya kuma a 2014 ta amince a koya wa ma'aikatan lafiya na karkara wasu ayyukan da a da sai nas ko ungozoma.

Sai dai a ganinmu takarda ba ta koyar da kowa. Babban ma'aikacin da aka ɗora wa koyarwa yana da layin majinyata a gabansa. In ba a rage masa aiki ko a ba shi alawus ba, ɗalibi zai ƙare da shara da ɗan aike. Kuma wanda ya yi shekara yana koyo, in bai samu takardar shaidar da za ta ɗaga masa girma da albashi ba, birni zai nufa. Ga kuma kayan aiki: madubin awo ba wuta, mota ba mai da za ta kawo mai sa ido daga babban asibiti.

Da yawa daga cikinku kuna zaune a kwamitocin da ke kula da kuɗin asibitocin garuruwanku. A zama na gaba, ku tambaya: mutum nawa ne suka iya awon jini a nan, kuma in ɗaya ya yi tafiya wa aka koya wa?