Dalmar da ke ɓoye a cikin dutsen ma'adinai

A ƙarƙashin ƙasa, tutiya da dalma da azurfa sukan zauna tare cikin dutse guda. Ana haƙo irinsa a Zurak ta Jihar Filato da kewayen Abakaliki ta Jihar Ebonyi, kuma yakan bi ta hannun dillalai da direbobi kafin ya isa masana'anta.

A masana'anta ana niƙe dutsen, a tace shi, a gasa, sannan a jiƙa cikin asid irin na ruwan batir. Tutiya takan narke ta bi ruwan. Dalma da azurfa kuwa sai su kwanta a ƙasa kamar laka. Wannan laka ake narkarwa da wuta mai tsanani, dalma ta fito riƙe da azurfa, daga baya a raba su. A kowane mataki akwai ƙura ko hayaƙi mai guba, shi ya sa doka ke tilasta tace hayaƙin da ba ma'aikata kayan kariya.

Gida ba shi da wannan kariya. A shekarar 2010, yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a tsakar gida. Ƙurar takan kwanta a ƙasa, yaro ya yi rarrafe a kai, ya kai hannu baki. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana kuma isa ga ɗan da ke cikin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da ba ya cutarwa.

Saboda haka, jama'a a kiyaye:

Kada a shigo da dutsen ma'adinai gida ko rumfar abinci.
Kada a zuba hatsi cikin buhun da ya ɗauko shi.
Kada a niƙa shi a injin niƙan hatsi ko a daka a turmin gida.
Mai aikinsa ya yi wanka, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.
A daina sa wa jarirai kwallin dutse, domin sau da yawa dutsen dalma ne.

Yaron da ke yawan amai, ciwon ciki, kasala ko jijjiga, a kai shi asibiti, a gaya wa likita sana'ar gidan. Gwajin jini ne ke nuna gubar dalma, kuma akwai maganin da ke rage ta idan an zo da wuri.