Shugabanci Nagari a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Ƙirƙirarriyar basira ita ce horar da kwamfuta ta yanke hukunci bisa bayanan da aka ɗura mata. To, in ta kuskure, wa za a tuhuma?

Ƙasar Holan ta ishe mu misali. Hukumar harajinta ta dogara da na'ura wajen zaƙulo masu zamba cikin tallafin renon yara, alhali na'urar tana ɗaukar baƙunta alamar zargi. Aka ɗora wa dubban iyaye laifin da ba su ji ba, ba su gani ba. A Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus.

Don haka wajibi ne shugaba ya san abin da aka ɗura wa na'ura, ya sa ma'aikata su riƙa bin diddigin hukuncinta, ya kuma saurari koken wanda aka zalunta, domin alhakin yana wuyansa.